Ɗan Farina da Ba Na Kiran Sunansa

Salama a gare ku 'yan'uwana mata, a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu.

Uwar zumuntar matan cocinmu ce ta ce in rubuta shaidar da na bayar a taronmu na Gummi, don a karanta wa 'yan'uwa na Anka da Bukkuyum waɗanda halin hanya ya hana su zuwa. Na ce mata wannan ba maganar takarda ba ce, don ta shafi tsiraicin yaro. Ta ce ai mata ne za su ji, kuma babu wadda ba ta taɓa yi wa ɗa namiji wanka ba. Shi ya sa na yarda.

Sunana Rifkatu. A kasuwar Gummi, inda nake sayar da daddawa da busasshiyar kuɓewa, Maman Alheri ake ce mini. Amma Alheri ba ita ce ta fari ba. Tana da yaya namiji, kuma a kansa ne na ga tashin hankalin da ban taɓa gani ba.

Kun san kunyar ɗan fari. Mun karɓi bishara tun zamanin kakanninmu, amma wannan al'ada ba ta bar gidajenmu ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta tsaya masa a gaban manya. Haka na taso na gani, haka na yi, kuma har yaba mini ake yi. Ana cewa Rifkatu bakinta ba ya mutuwa a kasuwa, amma wajen kunya ta gaji uwarta.

A ƙauyenmu na haife shi, kudu da Bukkuyum, a ɗakin Inna mahaifiyata. Ita ta yanke cibiya, ita take masa wanka safe da yamma, ita take gasa shi. Nawa shayarwa ce kawai, ita ma in da mutane sai na juya baya. Da na koma Gummi da shi wankan ya dawo hannuna, amma irin na sauri nake yi, idona a gefe. Na dai lura cewa jakar marainansa ta fi cika ta dama. Ban taɓa rainon namiji ba, ƙannena duk mata ne. Sau ɗaya da Inna ta zo na tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, “Haka jinjirai suke, shina daidaita.” Na kama bakina, har ina jin kunyar tambayar da na yi.

Da lokacin yaye ya yi aka kai shi wurin Inna, kamar yadda ake yi, bai kuma dawo ba. Ta riƙe shi, tana ce masa mijinta, yana ce mata matarsa mai furfura. Ni kuwa Yaya yake ce mini. In na je ƙauye sai in kai tsarabarsa in ba Inna, in ce a ba yaron nan. Daga baya na haifi Alheri da ƙanwarta, na shiga hidimarsu.

Duk lokacin sanyi maigidana Dauda, wanda ke gyaran babur a bakin tasha, sai ya aika wa Inna cewa a kawo yaro a yi masa kaciya tare da sa'o'insa. Duk shekara kuma da uzurin da za ta kawo. Bana yana tari. Bana wanzamin garin hannunsa ba kyau. Bana a bari ya ƙara ƙwari. Suruka ce, Dauda ba ya iya ja da ita.

Da 'yan bindiga suka hana ƙauyenmu zama, Inna ta taho Gummi da shi, muka ba su ɗaki a gidanmu. Lokacin yana da kamar shekara takwas. A nan na fara ganin abubuwan da ban gane ba. In ruwan sama ya sauko yara suka tuɓe suka fita, shi sai ya zauna a bakin ƙofa da wandonsa. Ba ya buga ƙwallo. In ya yi tafiya kaɗan sai ya nemi wuri ya tsuguna. Kullum da safe Inna tana shiga banɗaki da shi da ruwan ɗumi, ta ja ƙofa. Har zolayarta na yi, na ce, “Inna, wannan mijin naki har gemu zai fito kina yi masa wanka?” Ba ta yi dariya ba.

Da sanyi ya zagayo, Dauda ya gaji da jira. Ran da Inna ta tafi gaisuwar mutuwa, ya kama hannun yaron ya kai shi wurin Baba wanzami na unguwarmu. Ba su jima ba suka dawo, yaron yana tafiya da ƙafarsa, ba jini, ba kuka. Dauda ya zauna a kan benci ya ƙi taɓa abinci.

Na ce, “Lafiya?”

Ya ce, “Baba ya mayar da askarsa. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a kai shi asibiti.”

“Me ya gani?”

Shi ma fa ɗan farinsa ne, kunyar da ke kaina tana kansa. Can ya ce, “Yaron Inna ba daidai yake ba. Gefe ɗaya babu komai. Ɗayan kuma gwaiwa ce.”

Ku duba mu, 'yan'uwa. Manya biyu muna maganar ɗan da muka haifa, babu mai iya kiran sunansa, babu mai iya faɗin sunan wurin da ke ciwo.

Da Inna ta dawo na bi ta ɗaki. Ban ɗaga murya ba. Na ce, “Inna, kin sani?”

Ta kwance mayafinta ta ninke shi a hankali. Ta ce, “Tun randa anka haihe shi nig gani.”

“Kika yi shiru?”

“Mi za ni ce ma dangin mijinki? Su ce ɗiyata ta haihwa musu rabin namiji? Ke kina amarya, ba ki ko zauna da gindinki ba. Ni ad da shi, ni ka gasa shi kullum, ni ka maida kumburin da tahin hannuna. Shina sauka in Allah ya so.”

Ashe duk shekarun da ya yi a hannunta tana jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana gasa masa mara, tana shafa man shanu, tana danna kumburin ya koma ciki, ta ɗaure masa da ƙyalle a ƙarƙashin wando. Don ta rufa mini asiri ta yi. Na rasa ko in yi fushi ko in yi kuka, na fita na bar ta.

Mun kai shi asibitin nan garin. Likita ya duba ya ce ɗan marainan hagu bai sauko ba, bai ma ji shi a inda ya kamata a ji shi ba. Kumburin dama kuma hanji ne ke leƙowa ta wata kafa. Ya ce irin wannan tun yaro yana goye ake gyarawa, kuma kada mu ƙara jinkiri, mu wuce babban asibiti a Sakkwato wurin masu tiyatar yara.

Da Inna ta ji kalmar tiyata sai ta kafe. Ta ce, “Ba a taɓa min miji da wuƙa. Su kwantar da shi su dandaƙe shi awa bunsuru, ku dawo min da mi?” Dauda ma tsoro ya kama shi, sai ya fake da cewa hanya ba kyau, a bari abubuwa su lafa.

Ni na san likita gaskiya ya faɗa. Zuciyata tana gaya mini a tafi yau. Amma uwa ba ta tsayawa gaban mahaifiyarta ta yi jayayya a kan ɗan fari, sai a ce ta zubar da kunya. Ni da nake iya tara kasuwa a kan mudun daddawa, a nan bakina ya mutu. Na yi ta kai Alheri makaranta, ina zuwa kasuwa, ina zuwa zumunta ina rera waƙa tare da ku. In uwar zumunta ta ce wa ke da roƙon addu'a, sai in ce a yi wa gidanmu addu'a, ban taɓa faɗin abin da ke gidan ba. Haka makonni suka shige.

Wata safiya ina ɗaura kaya zan fita, sai ga Inna a bakin ƙofata, ko ɗankwali babu. Ta ce, “Kumburin ya ƙi komawa.”

Na shiga ɗakinsu. Yana kwance a tabarma ya naɗe kamar jariri, ya yi amai har ya koma yin kore. A ranar ne na buɗe wandonsa na duba da idona sosai. Kumburin ya yi tauri kamar dutse, fatar ta yi ja tana sheƙi. Da na kai hannu sai ya riƙe wuyan hannuna ya ce, “Yaya, bari.” Ko ƙarfin kuka ba shi da shi.

A asibitin garin suka sa masa ruwa suka ce mu kama hanya yanzu. Wani abokin Dauda ya kawo mota. Muka kwantar da shi a baya, kansa a cinyar Inna, ƙafafunsa a tawa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya yi nishi. Na riƙe tafin ƙafarsa, na ji ya yi sanyi, kuma na ga ashe ƙafar babansa ce sak. Ban taɓa sani ba.

Da muka isa Sakkwato wata nas ta zo da sauri ta ce, “Sunan yaro?” Na dubi Dauda, Dauda ya dubi ƙasa. Inna ce ta faɗa. Nas ɗin ta ce, “Wace ce mahaifiyarsa?” Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

Likitar tiyatar mace ce, wata Hajiya mai sanyin magana. Ta yi ta tambayata. Yaushe kumburin ya fara? Yana ƙaruwa in ya yi tari? Ya taɓa maƙalewa haka? Duk tambayar da ta yi sai in juya wurin Inna. Ba ta ce mini komai ba, ta dai mayar da tambayoyinta ga tsohuwa. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Suka ɗauki hoton mararsa da na'ura. Na ga ta kira wani likitan, shi ma ya kira wani, suna nuna abu a allon. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa.

Ta ce tun yaro yana cikin uwarsa 'ya'yan marainansa suna can sama cikin ciki, sai su sauko a hankali, na dama ta hanyar dama, na hagu ta hanyar hagu. Ta ce, “Na ɗanku na hagu bai bi hanyarsa ba. Ya tsallaka ya bi ɗan'uwansa ta dama, ya maƙale a matsematsi. Ba kasafai ake ganin irin wannan ba. Kafar da suka bi ba ta rufe ba, hanji ya shiga ta nan, yanzu ya shaƙe.”

Dauda ya ce, “To, a mayar da hanjin mana.”

Ta ce, “Za mu yi. Amma ku gane inda hatsarin yake. Da na hagun yana hagu, ko mun rasa na dama akwai saura. Yanzu duka biyun a wuri ɗaya suke, kuma hanjin yana matse jijiyoyin da ke kai musu jini. Sai mun buɗe za mu san ko suna da rai. Wanda ya mutu dole mu cire shi. Shi ma hanjin, in ya lalace, sai mun yanke.”

Inna ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa. Abin da ta yi shekaru tana gudu, ga shi an faɗa mata a fuska. Dauda ya sa hannu a takardar tiyata. Suka tura shi a gado mai taya, yana waige yana neman Inna, ƙofa ta rufe.

Muka zauna a baranda, rana ta take. Na sunkuyar da kai zan yi addu'a. Na ce, Ubangiji, ka taimaki yaron nan. Na sake cewa, ka taimaki yaron Inna. Sai na ji maganar ba ta tashi ko'ina, kamar ina aika saƙo gidan da ban san mai shi ba. Zuciyata ta bushe ƙaf. Na yi shekaru ina addu'a, ashe ko a gaban Allah kunyar nan nake yi.

A gefena akwai wata Musulma da carbi a hannu, ita ma tata 'yar tana ciki. Ba doguwar addu'a take yi ba. Abin da nake ji kawai shi ne, “Ya Allah, Hafsatu. Ya Allah, Hafsatu.” Na ce mata, “'Yarki ce?”

Ta ce, “Ɗiyata ta hwari ta. Kunya ta ƙare min tun bakin ƙohwar can, 'yar'uwa.”

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai siminti ba. A gaban mahaifiyata, a gaban mijina, a gaban duk masu jira, na buɗe baki na ce, “Yesu, Iliya. Ɗana Iliya. Ni na haife shi, kai ka yi shi. Ka san inda kowane abu yake a jikinsa tun yana cikina. Kada ka bari ya mutu, kada ka bari a fito mini da shi a ragargaje. Iliya ne, Yesu, Iliya.”

Sunan ya fito da ƙyar kamar an cire mini ƙaya a maƙogwaro, daga nan kuma na kasa dainawa. Na yi kukan da ban yi ba ran da na haife shi. Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai ji cewa yanzu an ji ni. Da na ɗago, Inna tana kallona. Na zaci za ta ce na zubar da mutunci. Sai ta ce, “Amin,” ta matso ta dafa bayana.

Can da la'asar likitar ta fito. Muka tashi muka tarye ta.

Ta ce da suka saki hanjin ya yi duhu, suka lulluɓe shi da ɗumi suka jira, sai launinsa ya dawo, ba su yanke komai ba. Na dama lafiyayye ne. Na hagun ƙarami ne, don ya daɗe a inda bai kamata ba, amma jini yana zuwa masa. Ta ce sun sauko da shi, sun ratsa da shi ta bangon da ya raba jakar biyu, sun ajiye shi a ɗakinsa na hagu sun ɗinke. Sun rufe kafar, har kaciyar ma sun yi masa. Ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi.

Yabo ga Yesu! Dauda ya rufe fuska da hularsa, Inna kuma ta kama hannun likitar ta ƙi saki.

Amma likitar ba ta ɓoye mana sauran ba. Ta ce ko ƙaramin zai girma, ko Iliya zai haihu in ya yi aure, ba wanda zai iya faɗa yanzu, sai ya balaga. Ta ce dole a riƙa kawo shi ana dubawa, don wanda ya daɗe a sama yana bukatar sa ido. Wannan nauyin har yau yana kaina.

Bayan 'yan kwanaki aka ce ya fara shan kunu. Wata rana da hantsi Inna ta fita wanke kaya, Dauda ya koma Gummi wurin su Alheri, aka bar ni da shi. Ina ba shi kunu a cokali, shi yana jin nauyina, ni ina jin nauyinsa. Ya sha kaɗan ya kau da kai. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Yaya, an gyara ni?”

Na ce, “An gyara ka.”

Ya murza bakin zanen gado. Ya ce, “To yanzu kina bari in zauna ɗakinki, awa su Alheri?”

Na ce, “Me ya sa ka tambaya?”

Ya ce, “Ba don abin ga kib ba Inna ni ba?”

'Yan'uwa, cokalin ya faɗi daga hannuna. Ashe yaron nan ya san ni ce uwarsa. Ya san jikinsa ba kamar na sauran yara ba ne. Ya haɗa biyun a ransa shi kaɗai, ya ɗauka na duba shi ne ran da aka haife shi, na ga bai cika ba, na bayar da shi. Duk tsarabar da na miƙa ta hannun wani, duk kau da kai da na yi ana yaba mini, shi abin da yake karantawa ke nan. Mu muna kiranta kunya, ba wanda ya taɓa yi masa bayani.

Na hau gadon, duk da nas ta hana, na rungume kansa a ƙirjina. Na ce, “Ko ba a gyara ka ba kai ɗana ne. Ban taɓa ƙin ka ba, ko na rana ɗaya.” Ya dai bar kansa a inda na sa shi, har barci ya ɗauke shi.

Yanzu yana ɗakina. Inna tana nan tana mitar an ƙwace mata miji, shi kuma wani lokaci bakinsa yana suɓucewa ya ce mini Yaya. Ɗinkin ya warke. Ɗayan ciwon, wanda likita ba ta gani a hoto ba, ban san yaushe zai warke ba. Akwai ranakun da yake zama shiru yana kallona kamar mai jiran in canza magana.

Ina roƙonku, in kun yi wa jariri namiji wanka, ku duba da kyau, ko na fari ne. In kun ga gefe ɗaya babu komai, ko kumburi a mara, kada ku tsaya gashi, kada ku ji tsoron bakin dangi, ku kai asibiti tun yana goye. Ku kuma dogara ga Ubangiji da abin da ke damunku na ainihi, ku faɗa masa shi yadda yake, don ba ya ƙyamar abin da muke rufewa.

Ban san ko zan ga 'ya'yan Iliya ba. Na bar wannan a hannun wanda ya fito mini da shi da rai daga ɗakin nan, ya kuma ba ni dama in amsa masa tambayarsa tun ina da numfashi. Ku taya ni godiya, ku kuma ci gaba da taya ni roƙo.

Ɗaukaka ta tabbata ga Yesu. Amin.